Kafin a Zuba Harsashin Gini a Minjibir, a Tambayi Abin da Ke Wurin a Da

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka fita daga birnin Kano ta arewa maso gabas ya san wannan hoton. Asabar ce da hantsi, an gama girbi, karan dawa na tsaye a gonaki. Mota ta tsaya a gefen hanya, mutum uku sun fito: dillali riƙe da igiyar awo, mai saye cikin babbar riga yana kare rana da tafin hannu, sai abokinsa da aka ɗauko don ya zama shaida. Tambayoyin mai saye ba sa wuce uku. Nawa ne ƙafa hamsin-hamsin? Akwai takardar mai unguwa? Yaushe wuta za ta iso? Idan amsoshin sun kwanta masa, sai a kafa turaku, a shafa fatiha, a shiga mota a koma gari.

Akwai tambaya ta huɗu da da wuya a ji an yi ta: me ke wurin nan kafin yau?

Tsadar haya da cunkoso sun daɗe suna tura mutanen Kano zuwa bayan gari. Kurna, Bachirawa, Rimin Kebe da Gayawa, waɗanda yanzu ake ƙirga su cikin unguwannin birni, akwai dattawan da suka san su suna ƙauyuka da gonaki. Gine-gine sun ratsa ƙasar Ungogo, kuma masu neman fili mai sauƙin kuɗi sun fara hango Minjibir, wadda tazararta da birni ba ta wuce tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ba. Ma'aikaci, ɗan kasuwa, malamin makaranta, mai ritaya, kowa na neman inda zai aje iyali ya huta da mai gidan haya. Babu laifi a wannan. Laifin yana cikin yadda da yawansu ke kallon wurin da suka koma, kamar wani daji ne da tarihinsa ya fara ranar da suka sauke tifar yashi. Wanda ya koma wani gari da zama, haƙƙi ne a kansa ya nemi sanin labarin garin, kuma Minjibir na cikin wuraren da rashin wannan sani ke jawo asara ta zahiri.

A fara da ita ƙasar kanta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Minjibir mutum 213,794 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 416. Idan aka raba, kowace murabba'in kilomita na ɗauke da sama da mutum 500, kuma galibinsu manoma ne. A wurare da yawa na duniya, irin wannan cikowa a karkara na nufin ƙasa ta gaji, itatuwa sun ƙare, mutane sun watse. A kewayen Kano abin bai tafi haka ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa manoman wannan yanki suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, amma tana ci gaba da ba da amfani. Sirrin yana cikin taki. Da rani ana ɗaure awaki da tumaki ana tara kashinsu, ana haɗawa da toka da sharar gida, a kai gona a mangala. A da jakuna kan shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da takin juji. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, harawa ta koma wa dabbobi, takin dabbobi ya koma wa gona. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da ake gani tsakiyar gonaki ba tsirowar banza suka yi ba, kowace tana da mai ita, kuma ana lissafa ta idan an zo rabon gado.

Saboda haka baƙar ƙasar da leburori ke haƙowa suna watsarwa gefe lokacin tonon harsashi, aikin hannun kakanni ce. An yi shekaru aru-aru ana ciyar da ita kafin ta zama haka. Mai gidan da ya san wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya sa a sare ɗorawar da ta rage a kusurwar filinsa don kawai tana zubar da ganye.

Sai ruwa. Mutumin da ya taso daga Jakara ko Fagge ya koma ƙasar Minjibir, bai sani ba, hanyar da ruwan unguwarsu ke bi ya biyo. Kogin Jakara yana tasowa ne daga cikin birni, ya ratsa gefen kasuwar Kurmi, ya fita ta arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sannan ya zube a madatsar ruwa ta Wasai da aka gina a 1976. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Jakara tun zamanin Barbushe a matsayin kurmi mai baƙin ruwa da mutanen Dala ke girmamawa suna tsoro. Daga wannan kurmin kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta samo sunanta. Yau an rufe wani sashe na kogin da kankare a cikin birni, har yara da yawa na ɗaukarsa babbar kwata ce kawai. Amma a Wasai yana nan a matsayin ruwan da masunta ke jefa koma a cikinsa, masu lambu ke ban-ruwan latas da tumatir da alayyafo da shi. Abin da aka zuba masa a birni, daga ruwan majema har dagwalon gidaje, yana isowa nan, kuma kayan lambun da aka shayar da shi suna komawa kasuwannin birni. Sabon mazaunin da ya fahimci wannan zagayen ya daina ganin Minjibir a matsayin wani wuri can nesa. Ya gane cewa tun kafin ya zo, abincinsa da sharar gidansa suna haɗa shi da mutanen nan.

A bakin wannan ruwan ne kuma cibiyar binciken noma ta IITA, mai hedikwata a Ibadan, take da gonar gwaji. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma ire-iren wake masu saurin nuna da masu jure wuta-wuta da manoma ke shukawa a jihohi da ƙasashe maƙwabta, da yawansu an gwada su a ƙasar Minjibir. Masana daga nahiyoyi daban-daban sun san sunan garin ta wannan hanya. Abin kunya ne a ce baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya san abin da ake yi a Wasai, wanda ya gina gida a kusa bai sani ba.

Babban abin da aka san Minjibir da shi a da, saƙa ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa Timbuktu da Ghat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar cinikin da wuri miliyan 300 a shekara. Ya lura cewa ba a manyan gidajen masana'anta ake aikin ba, a cikin iyalai ake yinsa. Abin da ake yawan mantawa shi ne, kasuwar Kurmi wurin ciniki ce, amma hannayen da suka yi aikin da yawansu suna karkara. Mata na gurzar auduga su yi kaɗi da mazari, masaƙa na zaune a rumfa suna jefa ƙoshiya, marina na tsoma zane a ruwan baba, mabuga na bugu har ya yi ƙyalli. Kura ta yi suna da turkuɗi, Minjibir da ƙauyukanta suka yi suna da saƙa. Marigayi Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi shekaru masu yawa a Jami'ar Bayero, ya gina bincikensa a kan wannan sana'a ta rini da fataucin tufafi a ƙasar Kano, kuma ya nuna nauyin da karkara ta ɗauka a cikinta. Yadin kanti da atamfar waje sun karya sana'ar, masaƙan da suka rage 'yan kaɗan ne kuma shekaru sun ja. Duk wanda ya ga wani fili mai tarin toka-toka da alamun ramuka a bayan wani tsohon gari, ya tambaya, domin sau da yawa tsohuwar karofi ce.

Ba duka labarin ne mai daɗin ji ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A maƙwabciyar Minjibir, cikin ƙasar Ungogo, akwai Fanisau, inda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya kafa ribaɗi don tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa. A can Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya je ya gana da Sarki a 1824, kuma har yanzu ana hawan Fanisau bayan Sallah. Amma Fanisau ɗin nan gari ne na gandaye da bayi suka noma, kamar yadda masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi bayani a littafinsa na 2011. Arewacin Kano ƙasa ce da ta ga yaƙi, ta ga bauta, ta ga harajin Turawa bayan 1903, ta ga zamanin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ta kuma ga farin shekarun 1970 da 1980. Mutanen da sabon mazauni ke tararwa a masallaci jikokin waɗanda suka ratsa duk wannan ne. Sanin haka yana koya wa mutum inda zai taka a hankali idan ana zancen asali.

Wani zai ce duk wannan abin sha'awa ne ga malaman jami'a, amma me zai ƙara wa mai neman abin sawa a bakin salati? Amsar tana zuwa ne a watan Agusta. Filin da aka sayar da rani yana shimfiɗe kamar faranti, yana iya zama hanyar ruwa da kowane yaro a ƙauyen ya sani. Birnin Kano ya riga ya ɗanɗana wannan: an cike kududdufai an yi gini a kansu, ruwan da suke tarawa ya koma shiga ɗakunan mutane. Haka batun burtali. Hanyar da shanu suka saba bi zuwa mashaya ba ta cikin takardar dillali, amma tana cikin kan makiyaya da dattawan gari, kuma ranar da katanga ta tare ta, rigima ta samu. Akwai tsofaffin maƙabartu da babu alama a kansu sai wata bishiya da kowa ke kauce wa. Akwai gonakin gado da ɗa ɗaya ya sayar ba da yawun 'yan'uwansa mata ba, shari'a ta taso bayan an kai linta. Awon igiya ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zaman awa guda da dattijon da ya noma gonar da ke maƙwabtaka yana nuna su duka. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan magana ta fi ƙarfi ga wanda zai binne dukiyarsa a ƙasa.

Akwai wata damuwa da ta fi wannan nauyi, kuma ta cancanci a saurare ta. A Nijeriya an sha amfani da tarihi a matsayin sandar korar baƙo. Da zarar an fara zancen wa ya fara zuwa, sai a zarce zuwa wa ke da iko da wa ba shi da shi. Masu wannan fargaba suna ganin gara a bar kaza cikin gashinta. Sai dai tarihin Kano, idan an karanta shi da gaskiya, yana rushe wannan tunanin ne. A duba sunayen unguwannin cikin ganuwa: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, Alfindiki da sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Kowace shaida ce cewa baƙi ne suka zo, aka ba su wuri, suka zama 'yan gari. Karkara ma haka take. Idan aka zauna da dattawan kowane ƙauye aka bi salsalar gidaje, sai a tarar wasu kiwo ya kawo kakanninsu, wasu almajiranci, wasu fatauci, wasu gudun yaƙi ko yunwa. Wanda ya sayi fili bana shi ne na baya-bayan nan a wani dogon layi. Abin da ya bambanta na da da na yanzu, na da yakan fara sauka a zauren mai unguwa.

Gaskiya ne kuma cewa tarihin baka yana da son kai. Gidan sarauta zai ba da labarin da zai ɗaga gidan, wanda aka ƙwace wa sarauta zai ba da nasa. Maganin wannan shi ne a ji daga baki fiye da ɗaya, a haɗa da abin da ke rubuce. Haka Yusufu Bala Usman ya yi da ya zagaya garuruwan ƙasar Katsina yana tattara bayanai kafin littafinsa na 1981. Kuma kada a tsaya kan maza. Tsofaffin mata su ne suka riƙe salsalar aure da zumunta, su suka san wace rijiya ce ta ƙafe a wace shekara, su suka yi kaɗin zaren da masaƙa suka saƙa.

Hanyar farawa ba ta buƙatar digiri. Sabon mazauni ya je ya gai da mai unguwa da dagaci, ba sai ranar da yake neman sa hannu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo zama cikinku, ina so in san garin." Ya zauna da tsofaffi bayan La'asar ya tambaya, "Baba, wannan wurin da me ake kiransa kuna yara?" Sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar kaɗai sun isa su buɗe hira: Kunya, Kantama, Kuru, Sarbi, Azore, Kwarkiya, Gandurwawa, Tsakiya, Tsakuwa, Wasai. Kowane suna akwai wanda zai iya faɗin yadda aka yi aka sa shi. Ya ci kasuwar Kunya da ido a buɗe, ya lura daga ina kaya ke zuwa. Wanda ya iya karatu ya nemi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ya leƙa Gidan Makama, ya je Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomin Kano, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da sana'o'i da yawan masu biyan haraji. An rubuta su ne don karɓar kuɗi, amma yau suna da amfanin da marubutansu ba su nufa ba.

Nauyin bai tsaya kan baƙo kaɗai ba. A Landan, wadda aka raba ta gundumomi 32 tun 1965, abu ne da aka saba mutum ya shiga ɗakin karatu na gundumarsa ya nemi tsohuwar taswirar layin da yake zaune, kuma tun shekarun 1860 ake liƙa alluna a jikin gidaje don nuna wanda ya taɓa zama a ciki. Ba sai an je Turai ba ma: a Yamai akwai cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa tun 1968, a Kaduna akwai Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya assasa a 1970. Abin da babu shi ne irin wannan a matakin ƙaramar hukuma, inda labarin yake da rai. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ta fi ƙarfin ofishi guda a birni ya riƙe mata tarihinta. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi sama da shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta sanar da maido shi a 2022. Yaran da suka tashi a wannan tsakanin su ne yanzu ke zama dillalan filaye da magina. Kuma ko da aka maido darasin, littafin da aka rubuta don ƙasa baki ɗaya ba zai ambaci Kantama ko Sarbi ba. Sai malamin da ke wurin ya cike giɓin.

Birni ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu an cinye yawancinta da gini da ɗibar ƙasa, Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. Waɗannan abubuwa ne da duniya ta sani, aka rubuta littattafai a kansu, amma hakan bai cece su ba. Ina ga karofin wani ƙauye da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba?

Minjibir tana da damar da Kurna da Bachirawa ba su samu ba, domin gine-ginen ba su gama rufe ta ba tukuna, kuma masu labarin suna raye. Majalisar ƙaramar hukuma ta ware ɗaki guda a sakatariya ko a ɗaya daga cikin makarantun sakandare don ajiye hotuna da muryoyi da kwafin tsofaffin takardu. Hakimi da dagatai su sa a zana burtali da maƙabartu da hanyoyin ruwa na kowane gari a takarda, a liƙa inda mai sayen fili zai gani. Malaman tarihi su tura ɗalibai da waya su ɗauki hirar kakanninsu, a fara da masaƙa da marina da suka haura shekara saba'in. Shi kuma wanda ya kafa turaku a gonar wani ranar Asabar, kafin ya kira magina, ya koma ƙauyen ranar Lahadi da goro a aljihu, ya nemi wanda ya noma gonar, ya zauna ya saurare shi.